Yadda Na Sa Kai a Cikin Lif

Ban taɓa nufin shiga wasan kwaikwayo ba. Tsokana ce ta kai ni, kuma a cikin lif abin ya faru, tsakanin hawa na ɗaya da na huɗu, ina riƙe da ledar tattasai.

A Camberwell muke zaune, ni da Mama da Hajiya, wato mahaifiyar Mama. Mama ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin unguwar, saboda haka yawancin yini daga ni sai Hajiya a gida, muna rigima a kan rimot. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wani dattijo Ba'indiye da kowa a benen yake kira Kaka. A yarensu, Marathi, kalmar tana nufin baffa. Watan farko da Hajiya ta zo daga Kano, duk sanda 'yan'uwansa suka tsaya a baranda suka kira Kaka sai ta amsa daga kicin, har ta soma cewa yaran Landan sun fi ni ladabi.

Kaka ya shekara talatin yana aiki a wani gidan wasan kwaikwayo a Aldwych. Ba a kan dandamali ba. Shi ne mai tocila, mai nuna wa mutane kujerunsu. Amma rana ɗaya a shekara yakan zama wani mutum dabam. A ƙarshen Fabrairu mutanensu sukan kama hayar wani zaure su taru don tunawa da wani mawaƙinsu da ya rasu tuntuni, wanda ya rubuta wasan da suke ganin babu kamarsa a harshensu. Labarin wani tsohon ɗan wasa ne da ya raba wa 'ya'yansa duk abin da ya mallaka, daga baya ya rasa wurin kwana. A ciki akwai wata doguwar magana da tsohon yake yi shi kaɗai, kuma tun kafin a haife ni Kaka ne yake tashi ya yi ta a taron, da ka, ba takarda.

A shekarar da nake ba da labari an yi masa aiki a maƙogwaro. Ya warke, amma muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage masa kamar iska ce take fita daga tayar keke. Jikokinsa suna jin Marathi ne yadda nake jin Hausa a lokacin, a yi musu magana su gane, su mayar da amsa da Turanci. Babu wanda ya yarda ya karɓi maganar daga hannunsa. Matar da take shirya taron ta yanke cewa za a kawo majigi a haska wani tsohon bidiyo, shi ke nan. Duk wannan ban san shi ba a ranar lif.

Na shiga na same shi a ciki, ya raɗa min gaisuwar da yake yi wa kowa: "Kasa kai?" A wurinsu tana nufin yaya kake. Ni kuwa kullum abin da kunnena yake ji shi ne ka sa kai, da irin Hausar mai shagon naman unguwarmu, mutumin Kumasi, wanda Hajiya ma kai yake ce mata. Ranar bakina ya yi ƙaiƙayi, na ce, "Na sa kai."

Ya tambaye ni ma'anar. Na yi masa bayani da Turanci cewa a yarenmu ya ce in ba da kaina ga aiki ne, ni kuma na amsa na bayar. Na tsaya jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi kamar mai taya rago, sannan ya ce in zo ranar Litinin bayan makaranta.

Da na gane aikin da na sa kai a ciki, wato in haddace doguwar maganar nan in yi ta a taron a madadinsa, na so in zille. Hajiya ce ta hana. Ta ce tunda bakina ne ya faɗa, da ƙafata zan je, kuma za ta raka ni. Ba don ni ta yi rakiyar ba. Hajiya ta yi imani tana jin Indiyanci, domin tana budurwa babu fim ɗin Indiya da ya shigo Kano bai bi ta gabanta ba. Muna shiga ta zuba wa Kaka duk kalmomin da ta tara, guda huɗu. Ya yi murmushi, ya ce in gaya mata wannan wani yare ne dabam, ba nasu ba. Hajiya ta dube shi da tausayi, ta ce min ciwon ne ya sa ya manta yarensa, kada in nuna masa na gane.

A saman talabijin ɗinsa akwai hoton mawaƙin, wani tsoho mai tabarau, an rataya masa furannin roba. Kafin mu fara komai sai da Kaka ya ba mu labarin yadda yana saurayi ya hau jirgin ƙasa ya je har ƙofar gidan mutumin. Wannan labarin mun ji shi kowace Litinin, kuma kowace Litinin Kaka yana ƙara matsawa kusa. A mako na biyu mawaƙin ya ɗaga masa hannu ta taga. A na uku sun sha shayi tare. Kafin wata ya ƙare har shawara mawaƙin ya nema a wurinsa. Ina fassara wa Hajiya, tana jan carbi tana gyaɗa kai, ta ce in aka kai azumi shi ne zai zama ya rubuta wasan.

Matsala ta farko rubutu ce. Haruffansu rataye suke a jikin layi kamar an shanya kayan jarirai, ban iya bambanta ko ɗaya ba. Sai muka ce Kaka zai riƙa raɗa min layi, ni kuma in rubuta yadda na ji da haruffan Turanci. Ashe harafin da iri biyu ne a wurinsu, harafin ta ma iri biyu. Ni na rubuta su duka iri ɗaya, na karanta su iri ɗaya, Kaka yana runtse ido kamar mai ciwon haƙori. Ana cikin haka Hajiya ta ajiye carbi ta ce ya sake faɗin kalmar. Ya faɗa. Ta ce min ai wannan ɗa ce, ta karɓe biron ta yi wa harafin ƙugiya a kai. Na ce mene ne wannan. Kallon da ta yi min ya isa ya ƙona tuwo. Shekarata goma sha biyar a duniya, kullum ina aika mata saƙo a waya ina rubuta daya da kofa, ban taɓa sanin haruffanmu suna da ƙugiya ba. Ɗa ɗinmu ba ita ce tasu daidai ba, amma ta fi kowace kusa. Harafin ta na biyun kuwa babu irinsa a Hausa, sai muka yi masa tamu ƙugiyar, ni da Hajiya, ba tare da mun nemi iznin kowa ba.

Akwai wani sauti da ya fi waɗannan wuya, ba la ba ne, ba ra ba ne, yana tsakani. Kaka ya ce da shi ake gane wanda ya sha yaren a nono, kuma jikokinsa duk sun kasa shi. Kwana uku ina naɗe harshe a gaban madubi har na soma jin tsoron zan haɗiye shi. A rana ta huɗu Hajiya ta gaji da ƙarar da nake yi, ta ce, "Ce ruwa."

Na ce ruwa.

"Ce rubutu. To, ja'ira, ba ki ji ra biyu ba ce?"

Wallahi ban taɓa lura ba. Ra ta rubutu karkarwa take yi. Ra ta ruwa kuwa harshe yakan lanƙwashe baya ne ya maro dasashi ya sauko. Na ɗauki ta ruwan, na ɗan tausasa ta, na jefa a cikin kalmar Kaka. Ya miƙe daga kujera ya shiga kicin, ya fito da gwangwanin alewar madara gaba ɗaya ya ɗora min a cinya. Hajiya ta cinye rabi, ta ce ladanta ne.

Matsala ta biyu ita ce ni kaina. Ni mutum ce da aka taɓa kora daga aji saboda malami ya yi atishawa. Na yi dariya a kujerar likitan haƙori, bakina cike da ƙarfe. To a cikin maganar nan tsohon yana ta jero tambayoyi, yana tambayar duniya laifin da ya yi, kuma kalmar me a yarensu ita ce kai. Ta fito sau dubu, ko da yake Kaka ya ce ba ta kai goma ba. Duk sanda na buɗe baki zan faɗe ta da muryar tsoho mai baƙin ciki, sai in ji muryar Hajiya ranar da ta kama ɗan maƙwabta da hannu a cikin tukunyar nama. Sai in zube a ƙasa.

Kaka bai taɓa yi min faɗa ba. Ba shi da muryar faɗan ma. Sai ya zauna ya warware min ma'anar layi bayan layi, Hajiya kuma ta ce sai an fassara mata. Da ta ji abin da 'ya'yan suka yi wa ubansu, ta tambayi unguwar da suke. Na ce ƙirƙira ce, Hajiya. Ta ce wanda ya rubuta ya gani a wani gida, babu mai ƙirƙiro irin wannan. Da na gaya wa Kaka, ya ce haka tsofaffin ƙasarsu suke cewa, kuma ya san waɗanda suka fito daga kallon wasan suka wuce gida suka sauya wa takardun gida wurin ajiya. Kwana biyu Hajiya tana kallon Mama a kaikaice. Mama ta dawo daga aiki a gajiye ta rasa laifin da ta yi.

Ana saura mako biyu, mai shirya taron ta zo ta saurare ni. Na kai rabi lafiya, na zo kan kai ta farko na fashe da dariya. Matar ba ta ɓata rai ba. Ta ce za ta bar ni in hau don darajar Kaka, amma majigin zai zo, za a jona shi a ajiye, kuma in na yi tuntuɓe ko na yi dariya za ta danna, kada taron ya zama abin wasa.

Bayan ta fita na ce wa Kaka gaskiya matar tana da hujja. Na ga bidiyon, mutumin ciki ya fi ni sau ɗari, kuma gemunsa nasa ne. Kaka ya daɗe yana kallon hoton saman talabijin. Sannan ya matso kusa don in ji shi.

"Na cikin bidiyo ba ya iya mantuwa," in ji shi. "Shi ya sa babu mai riƙe numfashi dominsa."

Ya ce shekara talatin yana tsaye da tocila yana kallon masu kallo, ya san bambancin. Ya ce shi daga bakin wani mutum ya karɓi maganar, mutumin kuma daga bakin wani. In ta shiga na'ura bana, ba za ta ƙara fitowa ba, kuma a kansa ta tsaya ke nan. Ranar ban ci alewa ba. Na koma gida na shiga banɗaki na yi ta faɗin kai, kai, kai a gaban madubi har ta daina zama kalma.

Taron ranar Lahadi ne da rana. Bas ɗin da muka hau ta bi ta Aldwych, Kaka ya nuna wa Hajiya ƙofar da ya shekara talatin yana shiga, ita kuma ta yaba wa ginin kamar shi ya gina. Tun a hanya na roƙe ta kada ta yi ko tari in na hau. Ta ce ta yi kallo a gidajen sinima tun uwata ba ta zo duniya ba, ba ni zan koya mata zama ba.

Zauren ya cika da ƙamshin soye-soye da mata sanye da sari, zanen Indiya. A bayan labule aka manna min gemun auduga, aka barbaɗa min hoda a gira, aka naɗa min farin rawani a kan ɗankwalina, aka yafa min mayafin ulu. Na leƙa madubi na ga wani tsoho mai kama da kyanwar da ta faɗa buhun fulawa. Aka yi waƙoƙi, aka yi jawabai a kan mawaƙin, kowa ya tashi sai ya sunkuya wa hotonsa. Sannan aka kira ni. Kaka yana layin gaba. Hajiya tana bayansa, kusa da wani mutum mai sanƙo da fuskar kirki. A gefe kuma ga mai shirya taron, yatsanta a kan majigi.

Na fara. Da na zo kan kalmar farko mai ra ta ruwa, na ji wani ɗan guna-guni ya ratsa zauren, wata tsohuwa ta taɓa ta kusa da ita. Na samu ƙarfi. Kai ta farko ta zo ta wuce, ban ji komai ba. Ta biyu ma haka. Da ma Kaka ya koya min cewa bayan ta uku in yi shiru in ja numfashi biyar ina kallon sama. Na ɗaga kai. Zauren ya yi tsit, ko cokali ba ya motsi.

A cikin wannan shirun ne tausayin tsohon ya kama Hajiya. Ta girgiza kai, ta ce a fili, "Kai, kai, kai."

Mai sanƙon nan ya ji baƙuwa tana tambaya me, me, me da yarensu. Ya sunkuyo cikin ladabi ya soma yi mata bayani da Turanci, ƙasa-ƙasa, tun daga tushe. Ya ce mata wannan wasa ne, wancan kuma ba tsoho ba ne na gaske, yarinya ce. Hajiya ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta ɗauka jaje yake taya ta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Kai." Mutumin ya ja numfashi, ya sake farowa daga farko, a hankali.

Duk a kunnena. Na ji dariyar ta taso tun daga gwiwa. Na ciji leɓe, ba ta tsaya ba. Na ja mayafin na rufe fuska. Kafaɗuna suka kama rawa, hawaye ya ɓalle, wani sauti ya fito daga hancina kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na ce a raina shi ke nan, yanzu hasken majigi zai faɗo min a ka. Na jira. Abin da na ji shi ne wata mata a baya ta fashe da kuka, wata ta taya ta. Na leƙa ta gefen mayafin, na ga mai shirya taron ta ɗauke hannu daga majigi tana laluben hankici a jaka.

Sai idona ya faɗa kan Kaka. Hannunsa ɗaya yana kan maƙogwaronsa. Leɓunansa suna motsi, yana ba ni layi na gaba, babu ko ɗigon sauti. Ya kai ƙarshen layin ya sake farowa, yana kallona. Ban san inda dariyar ta tafi ba. Na sauke mayafin na karɓi layin daga bakinsa, na ci gaba. Hawayen bai tsaya ba, kuma daga nan ban san na mene ne ba. Na kai ƙarshe, rabin gemuna yana lilo a kafaɗa.

Abin da ya biyo baya ya fi wasan wahala. Mata kamar ɗari biyu suka ja min kumatu, kowace ta ɗura min abinci, wata ta sa na faɗi kalmar nan mai ra sau uku a gaban ɗanta don ya ji kunya. Mai sanƙon yana can yana kammala wa Hajiya bayani. Mai shirya taron kuwa na gan ta tana naɗe wayar majigi, ta zo wucewa ta ce wa Kaka wani abu da yarensu, ya gyaɗa kai. Na tambaye shi, ya ce cewa ta yi baɗi ba sai an ɗauko majigin ba, nauyi ne da shi.

A bas muna komawa abin ya tsaya min a rai. Na matsa kusa da shi na ce akwai abin da zan faɗa. Na ce kukan nan da aka yi ta yabo, dariya ce. Ya ce ya sani. Ya ce ko ta baya, ko a cikin duhu, yana bambanta kafaɗar mai dariya da ta mai kuka, aikinsa ke nan. Ya ce amma wadda ta sauke mayafin ba dariya take yi ba, kuma ita ce ta ƙarasa maganar.

Sai ya ce shi ma yana da tasa gaskiyar da zai faɗa. Ya ce bai taɓa wuce ƙofar gidan mawaƙin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ji an yi tari daga ciki, ya juya da gudu bai tsaya ba sai tashar jirgi. Na fassara wa Hajiya. Ba ta ko ɗago daga carbinta ba, ta ce tun ranar shayin ta sani.

Bayan mako biyu aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Babbar jikar Kaka ce, wadda ta girme ni da shekara ɗaya, wadda a taron ta zauna can baya tana danna waya. Ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta ce aron littafina take so, don ita ma ba ta iya karanta haruffansu ba. Na ba ta. Washegari ta dawo da shi, ta ce mene ne waɗannan ƙugiyoyin.

Yanzu kowace Asabar tana falonmu. Kaka yana kujerar kusa da taga da gwangwanin alewa, ni ina riƙe da littafi, Hajiya ce malama. Takan ce mata ce ruwa. Yarinyar takan ce ruwa da ra ta Turawa, mai laushi kamar burodin da ya sha shayi. Hajiya ta girgiza kai ta ce kai. Ita kuma sai ta ɗauka ba a ji ta ba ne, ta sake faɗa da ƙarfi.